Ƙasusuwan na Afirka, binciken na Turai

A Satumbar 2023 wani attajiri ya ɗauki ƙasusuwa biyu da aka haƙo a Afirka ta Kudu, na Australopithecus sediba da na Homo naledi, ya hau kumbon Virgin Galactic da su zuwa sararin samaniya. Masana suka yi ca, kuma da gaskiyarsu. Ƙashin da ya kai shekara miliyan biyu, wanda idan ya lalace ba a samun madadinsa, aka mayar kayan talla.

Ɓarnar ta daɗe. Kusan duk muhimmiyar shaidar da masu binciken asalin ɗan Adam ke dogaro da ita daga Afirka ta fito, amma sau da yawa ba a nan ake nazarinta ba. Ƙoƙon kan Kabwe da aka gano a Zambiya a 1921 yana Landan har yau, duk da shekarun da Zambiya ta yi tana neman a mayar mata.

Ana ɗora laifin kan mulkin mallaka, amma babban dalili a yau shi ne gwamnatocinmu ba sa kashe kuɗi a wannan fanni. Dubi ƙoƙon kan da ake kira Toumaï. Ɗan Chadi ne, Ahounta Djimdoumalbaye, ya tsinto ƙoƙon kan a hamadar Jurab a 2001, cikin tawagar da Michel Brunet ke jagoranta. An ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan bakwai, dab da lokacin da masana ke cewa reshen ɗan Adam ya rabu da na birin cimfanzi. Sai dai na'urar leƙa cikin ƙashi tana Faransa, kuɗin binciken ma daga can suke. Ƙashin cinyar da aka samo a wurin, wanda zai nuna ko halittar ta yi tafiya da ƙafa biyu, ya yi shekaru a jami'ar Poitiers ana gardama a kansa, ba a wallafa cikakken bayaninsa ba sai 2020 da 2022. Wanda ya biya kuɗin bincike shi ke yanke ranar da duniya za ta ji sakamako.

Masu kare tsarin na cewa ba don kuɗin baƙi ba da ƙasusuwan na nan cikin rairayi. Haka ne. Amma Habasha ta gina wa ƙasusuwan da ake kira Lucy ma'ajiya a Addis Ababa, ta horar da 'ya'yanta irin su Zeresenay Alemseged da ya gano ƙasusuwan da ake kira Selam a 2000.

Najeriya na da ƙoƙon kan Iwo Eleru tun 1965. Jami'o'inmu su ware kuɗin horar da ɗaliban da za su yi nazarinsa a gida.