Gayyar Kwamfuta A Garin Kafanchan

Tun zamanin kakanni mutanen karkara sun san amfanin gayya. In gonar mutum ta fi ƙarfinsa, ko kuwa ciwo ya kwantar da shi a tsakiyar damina, sai ya aika wa maƙwabta. Ran da aka ajiye kowa ya fito da fartanyarsa, kafin la'asar an nome gonar sarai. Haka a ke yi wajen ɗora jinka, da yashe rijiya, da gyaran hanyar kasuwa. A zamanin yanzu kuwa akwai wani sabon aiki wanda shi ma ya fi ƙarfin gidaje da yawa, watau samun kwamfuta da koyon aiki da ita.

Kwamfuta na'ura ce mai karɓar rubutu da lissafi da hotuna, ta ajiye su, ta sarrafa su, ta fito da su sa'ad da aka nema. Tana da allo na gilashi inda a ke ganin aiki. Tana da maɓallai na haruffa da lambobi waɗanda a ke dannawa da yatsu. Akwai kuma wani ɗan abu da a ke ja bisa tebur don nuna wuri a kan allo, ana ce da shi linzami. In an haɗa ta da intanet, sai ta yi magana da 'yan'uwanta na ko'ina cikin duniya. Wasiƙar da a dā ta kan yi mako biyu a hanya, yanzu ta kan isa tun mai ita bai tashi daga kujera ba.

Da farko ana ganin kwamfuta kayan manyan ofisoshi ce, babu ruwan talaka da ita. Amma al'amari ya sake. Hukumar JAMB, wadda ke shirya jarrabawar shiga jami'a a Nijeriya, ta soma gwada ɗalibai da kwamfuta a shekarar 2013. Daga 2015 kuwa aka bar takarda da fensir ɗungum. To, a ɗauka ga yara biyu, ilminsu ɗaya, hazaƙarsu ɗaya. Na farko akwai kwamfuta a gidansu. Na biyu bai taɓa sa mata hannu ba sai ran jarrabawa. Na farko zai shiga amsa tambayoyi nan da nan. Na biyu kuwa hannunsa na rawa, yana neman inda zai danna, lokaci yana wucewa. In ya faɗi, ba rashin karatu ya kā da shi ba, rashin sabo ne. Wahalar da iyayensa suka sha shekara da shekaru tana iya tafiya a banza cikin sa'o'i biyu.

Abubuwa huɗu ne ke tsare gidan talaka daga kwamfuta. Na ɗaya tsadarta. Na biyu rashin wutar lantarki. Na uku rashin hanyar intanet. Na huɗu rashin wanda zai koyar. Ga labarin yadda mutanen wani gari suka yi wa waɗannan abubuwa huɗu gayya.

Kafanchan gari ne a kudancin Jihar Kaduna, cikin ƙasar Jama'a. Jirgin ƙasa ne ya raya shi, gama tun 1927 ya zama mahaɗa. Hanya ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya ta hau tudu zuwa Jos, ɗaya kuma ta gangara kudu zuwa Inugu da Fatakwal. Akwai wata unguwa a bayan wurin da a dā a ke gyaran kawunan jirgi, wanda ma'aikata ke kira loko. Sabo da haka aka sa wa unguwar suna Bayan Loko.

A shekarar 1996 waɗansu masu kishin jama'a suka kafa wata ƙungiya, suka sa mata suna Gidauniyar Fantsuam, sunan ɗaya daga cikin ƙabilun wurin. Cikin shugabanninta akwai Dokta John Dada, da wata mace mai himma, Kazanka Comfort. Ba da kwamfuta suka fara ba. Sun fara ne da ba matan karkara ɗan ƙaramin rance, don su ja jari su yi sana'a, su biya kaɗan kaɗan. Wannan ya zama tushe mai ƙarfi, domin ta haka ƙungiyar ta san gidajen mutane, mutane kuma suka amince da ita. Daga baya sai ta buɗe ɗakin koyon kwamfuta a Bayan Loko, inda mata da matasa ke zuwa ɗaukar darasi. A lokacin ko wayar hannu ba ta bazu ba, don sai a 2001 ta soma shiga hannun jama'a a Nijeriya. A cikin wannan shekara ta 2001 ɗakin koyon nan ya ci wata kyauta ta Afirka duka, wadda aka sa wa sunan Nancy Hafkin, wata Ba'amurkiya da ta daɗe tana aiki a Addis Ababa don ƙasashen Afirka su sami hanyar sadarwa ta kwamfuta.

Ga yadda aka yi da tsada. Manyan kamfanoni da ofisoshi na Turai su kan sake kwamfutocinsu bayan 'yan shekaru, alhali kuwa tsofaffin ba su mutu ba. Akwai ƙungiyoyi masu tara irin waɗannan, kamar Computer Aid ta birnin Landan. A kan share duk abin da mai ita na farko ya ajiye a ciki, don kada asirinsa ya fita. Sa'an nan a gwada ko wane sashe, a musanya wanda ya lalace, a zuba mata sababbin manhajoji, watau umarnin da ke sa ta aiki. Kwamfutar da aka gyara haka kuɗinta bai kusa na sabuwa ba, amma ta ishi mai koyo. Da irin waɗannan tsofaffin na'urori mutanen Bayan Loko suka yi ta koyarwa. Da ma an ce da tsohuwar zuma a ke magani.

Amma fa ba ko wace tsohuwar kwamfuta ce kyauta ba. Wadda ta riga ta mutu shara ce kawai, shara kuwa mai guba. Gilashin tsohon allo yana da dalma a ciki. Wayoyinta kuma in an ƙone su don a fid da tagulla, hayaƙin yana cutar da huhu. Don haka masu hankali ba su karɓar na'ura sai sun kunna ta sun ga tana aiki.

Sai maganar wuta. Kwamfuta tana da abokan gaba uku a ƙasa mai zafi: ƙura, da zafi, da wutar da ba ta tsaya daidai ba. A cikinta akwai 'yar fanka mai jawo iska don ta huce. Da hunturu iskar nan cike ta ke da ƙura. Ƙurar ta kan taru ta toshe kafofi, na'ura ta yi zafi ta tsaya. Wutar lantarki kuma in ta ɗauke ta komo da ƙarfi, ta kan ƙone kayan ciki. Sabo da haka ƙungiyar ta kafa faifan hasken rana da manyan batura. Da rana faifan ya kan juya haske ya zama wuta, batura su ajiye ta, a yi ta aiki ko an ɗauke wutar gari. Mai amfani da hasken rana tilas ya yi tsimi. Kwamfutar tebur mai tsohon allo ta kan sha wutar da za ta ishi kwamfutar tafi-da-gidanka uku, ko ma fiye.

Na uku intanet. A waɗancan shekaru garin da ke nesa da manyan birane ba shi da wata hanya sai ta tauraron ɗan'adam, da wani babban faranti mai kallon sama. Kuɗin hayarsa na wata wata ya fi ƙarfin makaranta ɗaya ko asibiti ɗaya. Sai aka yi dabara irin ta rijiyar unguwa: a haƙa guda ɗaya, kowa ya zo da gugansa. Aka kafa doguwar hasumiya ta ƙarfe, aka ɗaura mata na'urorin da ke aika saƙo ta iska. Intanet ya sauko ta farantin nan, hasumiya ta rarraba shi zuwa makarantu da sauran ma'aikatu na kewaye, kowa ya ba da nasa rabon kuɗi. Sunan wannan shiri ZittNet. Aikin bai rasa masifa ba. A farkon daminar 2008 aka yi iska mai ƙarfi, ta kā da hasumiyar. Duk da haka mutanen ba su watse ba, koyarwa ta ci gaba. Daga 2010 aka soma jawo sababbin manyan wayoyi ta ƙarƙashin teku zuwa Legas, intanet ya yi ta araha sannu a hankali.

Na huɗu shi ne mafi girma, watau malami. Kwamfutar da babu mai koyar da ita, ba ta da bambanci da akwatin da aka ɓad da mabuɗinsa. Mai koyo ya kan fara da kunnawa da kashewa, da riƙon linzami. Sa'an nan ya koyi inda ko wane harafi ya ke, har yatsunsa su san hanya ba tare da ya duba ba. Daga nan sai rubuta wasiƙa, da jera lissafin ciniki, da neman bayani a intanet. A Kafanchan an koya wa waɗansu matasa har da gyaran na'urar kanta. Wannan hikima ce babba, domin kwamfutar da ta lalace a garin da babu mai gyara, sai dai a lulluɓe ta da zane a jingine.

Ba a Kafanchan kaɗai a ke irin wannan gayya ba. A Kano akwai ƙungiyar CITAD, mai koya wa matasa da mata aikin kwamfuta. A birnin Portland na Amurka an kafa wata ƙungiya a shekarar 2000, sunanta Free Geek. Ta tsara cewa duk wanda ya yi mata aikin sa kai na sa'o'i 24, yana kwance tsofaffin na'urori yana rarraba kayansu, sai a ba shi kwamfuta guda ya kai gida. Ta haka ya sami na'ura, ya kuma san cikinta, ba tare da ya roƙi kowa ba. A birnin Delhi na Indiya kuma, a shekarar 1999, wani malami mai suna Sugata Mitra ya huda bango ya sa kwamfuta a ciki, tana fuskantar unguwar matalauta. Bai koya wa kowa kome ba. Yaran unguwa suka taru suna taɓawa, wanda ya gane abu ya nuna wa ɗan'uwansa, ba da jimawa ba suka iya da yawa. Wannan ya nuna kwamfuta ɗaya tana iya isar yara da dama, in sun yarda su koya wa juna.

Wani zai ce, ai yanzu wayar hannu ta shiga gidaje, me za a yi da ɗakin kwamfuta? Gaskiya ne waya tana da amfani ƙwarai. Amma iya kallon hotuna a waya daban, iya rubuta takardar neman aiki daban. Bugu da ƙari, intanet kamar babbar kasuwa ce, akwai mutanen kirki, akwai 'yan damfara. Wajibi ne a koya wa yara da iyayensu kada su faɗa wa kowa kalmar sirrinsu, ko lambar sirri ta katin banki, ko da mai tambaya ya ce shi ma'aikacin banki ne. Wajibi ne kuma a koya musu ba duk abin da aka gani a allo ne gaskiya ba. Irin wannan sani a bakin malami a ke samunsa, ba a kanti ba.

Garin da ke son ya yi irin wannan aiki ba sai ya jira mai arziki ba. Ana bukatar ɗaki mai rufi da ƙofa mai kulle, da amintattun mutane masu lura da shi, da littafin da za a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Ana bukatar ɗan kuɗi kaɗan daga masu koyo, wanda ba zai kori talaka ba, amma zai isa a sayi batir in ya mutu. A keɓe wa 'yan mata da matan aure lokacinsu, don kada maza su cinye kujeru duka. Uwar da ta iya, ita ce malamar farko ta 'ya'yanta. Ɗan makaranta ma yana da nasa rabo a cikin gayyar. Ya wanke hannu kafin ya zauna, kada ya kawo ruwa ko abinci kusa, ya rufe na'ura in an gama, ya tashi ya ba na bayansa wuri in lokacinsa ya cika. Abin da ya koya yau kuma, gobe ya koya wa ƙanensa.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa huɗu ne ke tsare gidan talaka daga kwamfuta?
2. Me ya sa a ke kiran unguwar nan Bayan Loko?
3. Da wane aiki Gidauniyar Fantsuam ta fara, kuma a wace shekara aka kafa ta?
4. Yaya ƙurar hunturu ke ɓata kwamfuta?
5. Ta wace fuska hasumiyar ZittNet ta yi kama da rijiyar unguwa?
6. Me yaran Delhi suka nuna wa duniya?