Kifin Panyam Da Takardun Masana

'Yan Arewa masu sayar da banda a Legas da Badun ba kasafai suke tuna Jos ba in ana zancen kifi. Hankalinsu yana Baga da Yawuri. Amma kuwa a Panyam, kan hanyar Pankshin, Turawan mulki suka kafa babbar gonar kifi tun farkon shekarun 1950, har a 1954 aka kawo mata irin kifin kaf daga Ostiriya.

Malaman Jami'ar Jos, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1975, sun daɗe suna binciken abincin tarwaɗa da karfasa, da ruwan kududdufan da haƙar kuza ta bari. Sai dai yadda ake auna su da ban mamaki. Watau ana ƙidaya takardun da malami ya buga a mujallu, da yawan masanan da suka ambace shi. A wannan awo mai binciken kifin salmon a Norwe ya fi kasuwa, don can kuɗin bincike yake. Shi kuwa mai kiwon kifi a Bukuru, ko binciken malami ya rage masa tsadar abinci, godiyarsa ba ta shiga lissafin ƙarin girma.