Hattara Da Kare Da Ƙwayoyin Ƙarin Jini

'Yan'uwana mata, a ƙasar Bagudo, daga Ka'oje har Illo da Lolo, akwai gidaje da rugage masu yawa da ke kiwon kare domin gadi, ko farauta, ko tsaron dabbobi. A gidajen nan kuwa da wuya a rasa mace mai zuwa awon ciki, wadda aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. To, ku sani ƙwayoyin nan da ke gyara jinin mai ciki suna iya kashe kare.

Dalili shi ne akwai sinadarin ƙarfe cikinsu, wajen miligiram 60 a kowace ƙwaya. Mace tana shan guda a yini, jikinta ya ɗauki abin da yake bukata. Kare kuwa in ya tarar da ƙunshin a kan tabarma, sai ya tauna shi duka har da leda. Karen da nauyinsa ya kai kilo 10, ƙwaya 4 sun isa su sa shi ciwo, 10 kuwa suna iya halaka shi.

Cikin sa'o'i 6 na farko zai yi ta amai da zawo, wani lokaci har da jini. Daga nan sai ya yi kamar ya warware, masu gida su ce ai ya wuce. Wannan sauƙin na yaudara ne, gama a lokacin ne ƙarfen ke cin hantarsa. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ya kwanta. Bitamin D ma in ya yi yawa yana lalata masa ƙoda.

Mu da ke bakin iyakar Binin muna da ƙarin abin lura. Ana shigo mana da magunguna masu rubutun Faransanci, da yawanmu ba mu iya karanta shi. Ku 'yan makaranta, in kun ga kalmar "fer" a jikin kwali, ƙarfe ke nan, sai ku gaya wa iyayenku.

In abin ya auku, kada a tsaya ɗura masa manja, ko nono, ko ruwan gishiri. A kai shi wurin likitan dabbobi nan da nan, tare da kwalin, a faɗi kimanin ƙwayoyin da suka ɓace. Dabba ce mai rai, tana da hakki a kanmu.

Sa'an nan abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ƙwayoyin nan jajaye ne, yaro mai rarrafe yana ɗaukarsu alewa, kuma irin ɓarnar da suke wa kare ita suke masa. Shi asibiti za a ruga da shi ko da bai nuna alamar komi ba.

Saboda haka kowace ta sami gwangwani mai murfi, ta zuba magungunanta, ta sa cikin akwati ta kulle. Ƙarƙashin matashi da bayan jeren kwanuka ba maɓoya ba ne. Allah Ya kiyashe mu, amin.