Rigimar Turare Da Kyandir A Ingila Da Yadda Ta Shafi Ƙasar Filato

Yawancin Kiristocin da ke zaune a Panyam da Kabwir, cikin Jihar Filato, 'yan Ekklesiyar COCIN ne, alhali kuwa Turawan mishan da suka fara kai musu bishara 'yan ɗarikar Angilikan ne. Mai karatu zai so ya san yadda aka yi haka. Amsar tana da nasaba da wata tsohuwar jayayya da ta raba kan 'yan Angilikan a Ingila har wajen shekara ɗari, a kan yadda ya kamata a yi sujada.

Ekklesiyar Ingila ta ɓalle daga ƙarƙashin Paparoma a cikin 1534, zamanin Sarki Henry na Takwas. Daga baya ta sauƙaƙa ibadarta, ta tsara Littafin Addu'a wanda aka tabbatar a 1662. To, a cikin 1833 sai waɗansu malaman Jami'ar Oksfod, wato su John Keble da John Henry Newman, sa'an nan Edward Pusey, suka tashi suna cewa an yi gyaran da ya wuce gona da iri, an watsar da gādon magabata. Newman ya koma Roman Katolika a 1845, wannan kuwa ya ƙara wa jama'a zargin cewa duk tafiyar Roma ta nufa. Almajiransu da suka tsaya cikin ɗarikar suka shiga kunna kyandir bisa bagadi, suna ƙona turare, suna sa riguna masu ado lokacin Jibin Ubangiji, suna kuma sauraron masu furta zunubi a asirce.

Furta zunubin nan shi ya fi kome tayar da hankali. Littafin Addu'a ya tanadi jama'a su furta zunubansu gaba ɗaya cikin majami'a, ya kuma bar ƙofa ga majinyaci ko mai nauyin zuciya ya keɓe da limami. Amma masu gidaje da yawa ba su yarda wani namiji ya riƙa jin asirin matansu da 'ya'yansu ba. A 1873 limamai 483 suka sa hannu a takarda suna roƙon a naɗa masu sauraron furcin zunubi, aka yi musu caa. A 1874 Majalisar Dokokin Ingila ta kafa dokar tsara sujada, da goyon bayan Firayim Minista Disraeli. Tsakanin 1877 da 1887 limamai biyar suka shiga kurkuku don ƙin bin umurnin kotu. Na farkonsu shi ne Arthur Tooth, wani kuma mai suna Sidney Green ya yi fiye da shekara ɗaya da rabi a tsare. Ɗaurin bai kashe wutar ba, sai ma ya jawo musu tausayin jama'a. Har a 1927 da 1928 Majalisar ta ƙi amincewa da sabon Littafin Addu'a sau biyu, don tsoron ya karkata wajen Roma.

Kowane ɓangare yana da ƙungiyar mishan da yake mara wa baya, saboda haka rigimar ta ƙetaro teku. Ƙasar Gana ta sami ƙungiyar S.P.G., Zanzibar kuma ta sami U.M.C.A., dukansu masu son ibada mai ado. Nijeriya kuwa ta faɗo a rabon C.M.S., wadda aka kafa a Landan a 1799, wadda ta fi ba da ƙarfi ga wa'azi da karatun Littafi Mai Tsarki. Ita ce ta aiko Bishop Tugwell da Likita Walter Miller zuwa ƙasar Hausa a 1900. A ƙarƙashin inuwarta ne kuma waɗansu samari daga Jami'ar Kambirij suka buɗe tasha a Panyam cikin Mwaghavul a 1907, sa'an nan Kabwir cikin Ngas a 1910. A wannan lokaci ƙungiyar S.U.M. ta riga ta sauka Wase tun 1904, Fadan Katolika kuma sun kafa tasha a Shendam a 1907.

Abin da ya faru a Kikuyu, ƙasar Kenya, a 1913 ya isa ya nuna zafin bambancin. Ƙungiyoyin mishan sun yi taro a can don neman haɗa kai, a ƙarshe Bishop Peel na Mombasa da Bishop Willis na Yuganda, dukansu mutanen C.M.S., suka ci Jibin Ubangiji tare da waɗanda ba 'yan Angilikan ba. Bishop Frank Weston na Zanzibar ya kai ƙararsu gun Babban Bishop na Kantabiri, yana tuhumarsu da karkacewa daga koyarwa. A ganinsa ekklesiyar da ba ta da bishop ba ta cika ba. Babban Bishop Randall Davidson ya ƙi gurfanar da su, amma a 1915 ya ba da shawara kada a sāke irin wannan sujada.

A Filato kuwa abin da aka yi ya zarce na Kikuyu. A cikin 1930 C.M.S. ta danƙa wa S.U.M. tashoshinta na Panyam da Kabwir tare da masu bin da ke cikinsu, ta mai da hankalinta ga Wusasa kusa da Zariya. S.U.M. ba ta da bishop, ma'aikatanta kuma daga ɗariku dabam-dabam suka fito. Duk da haka ba a ga ƙura irin ta Kikuyu ba, domin a wurin mutanen C.M.S. wa'azin da ake yi ya fi tsarin mulkin ekklesiya muhimmanci, kuma ibadarsu da ta S.U.M. ba su yi nisa da juna ba. Da mutanen Weston ne ke riƙe da tashoshin nan, da wuya su sake su. Majami'un nan suna cikin harsashin da aka gina COCIN a kai.

Wannan musaya tana da tsadarta. Ɗarikar Angilikan ta rasa gindinta a tsakanin 'yan ƙasa, ta daɗe a Jos tana zaman ekklesiyar baƙi, wato ma'aikatan da suka zo daga Kudu da Turawan haƙar kuza. Sunan Majami'ar St. Piran ma shaida ne, gama Piran waliyyin mahaƙan kuza ne na Konwal a Ingila. An kafa Dayosis na Arewacin Nijeriya a 1954, Ekklesiyar Nijeriya ta sami cin gashin kanta a 1979, Jos kuma ta sami nata dayosis a 1980, da babbar majami'arta ta St. Luke. Bishop Benjamin Kwashi, ɗan ƙasar Ngas, ya riƙe shi daga 1992 zuwa 2023.

Yau bishop-bishop na Nijeriya suna sa doguwar hula da alkyabba mai ado, ana kunna kyandir a majami'u da yawa ba wanda ya ɗaga murya, alhali a kan irin waɗannan abubuwa aka ɗaure mutane a Ingila. Furta zunubi a asirce ne kaɗai bai zama al'ada ba. Manyan jayayyar da ke gaban 'yan Angilikan yanzu sun koma kan aure da fassarar Littafi Mai Tsarki, waɗanda suka kai ga taron Urushalima na 2008. Amma tambayar da ke ƙarƙashinsu ita ce dai ta Kikuyu da Panyam, wato da wa za a zauna teburi ɗaya, kuma wace koyarwa ce ba za a sassauta a kanta ba ko don neman haɗin kai.