Yadda Kafasita Uku Suka Dawo da Muryar Rediyon Mahaifina

A gidanmu na gado da ke cikin birnin Zariya, wajen Ƙofar Kuyambana, katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da na ƙanin mahaifina. Da zarar an yi sallar isha'i ya kwanta, ba ni da damar kunna lasifika. Shi ya sa na saba da sa iyafis a kunne, in jona shi a jikin tsohuwar rediyo mai kaset, ƙirar National Panasonic, wadda marigayi mahaifina ya bari. Da ita yake kama Rediyon Kaduna da sashen Hausa na BBC, da ita kuma nake jin kaset-kaset ɗinsa na tafsiri da na Mamman Shata.

Bara ta fara ba ni damuwa. Wani gurnani ya shiga ƙarƙashin kowace murya, kalangu kuma ya koma kamar ana dukan gwangwani. A lasifika abin bai fito sosai ba, amma iyafis ba ya rufa wa na'ura asiri, domin a bakin dodon kunne yake.

Na ɗauke ta zuwa wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a kusa da Babban Dodo. Ya kwance bayanta, ya nuna mini wasu 'yan gwangwanaye tsaitsaye, kan ɗaya ya kumbura.

"Malam, ga mai laifin nan," ya ce. "Kafasita ce ta bushe."

"Baba, ashe ruwa ne a cikinta?"

Ruwa ne kuwa. Irin wannan kafasita, wadda wasu masu gyara ke kira kwandensa, sirarran fallayen alminiyam ne guda biyu da aka naɗe da takarda mai jiƙe da sinadari a tsakaninsu. Aikinta ta tara wuta ta sake ta, kamar randa a gidan da famfo ke kawo ruwa yana ɗaukewa. Zafi ne ke ƙafar da ruwan a hankali. Da yawansu an yi su ne su jure awa 2,000 a zafin digiri 85, kuma duk raguwar digiri 10 tana ninka wannan wa'adi. A digiri 45 ke nan, awa 32,000, wato ƙasa da shekara huɗu idan ba a kashe na'urar ba. To, a tuna da zafin Afrilu a ɗakin kwano, a kuma tuna cewa rediyon nan ta haura shekara talatin.

Babbar kafasitar da ta kumbura ita ce ke tace wutar Nepa. Wutarmu tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, idan matacin ya gaza sai wannan kai-komon ya biyo sauti har kunne. Gurnanin ke nan.

Maganar kalangu kuwa ta wasu kafasita biyu ce, na hanyar iyafis, ɗaya ta kunnen dama ɗaya ta hagu. Suna tare wuta irin ta batir kada ta kai ga iyafis, su bar sauti ya wuce, amma ba kowane sauti suke bari ba. Idan kafasitar ta yi ƙanƙanta, kakkauran amo ne ke maƙalewa. Iyafis da yawa ƙarfin turjiyarsu om 32 ne. A lissafi mai sauƙi, kafasita mai lamba 100 za ta fara rage duk amon da ke ƙasa da bugu 50 a daƙiƙa. Mai 220 tana saukar da iyakar zuwa kusan 23, mai 470 kuma zuwa kusan 11, alhali kunnen ɗan Adam daga wajen 20 yake farawa. Nawa an rubuta musu 220, amma da dattijon ya ɗora su a mita ko 100 ba su kai ba. Ya narkar da dalma ya cire su, ya sa masu 470, ya kuma sauya babbar da ta kumbura. Daren nan na ji cikin kalangun ya dawo, na daɗe zaune ban motsa ba, domin haka nake jin sa a zauren mahaifina ina yaro.

Akwai masu sha'awar sauti a Japan da Turai da Amurka da ke sayen kafasita masu tsada, irin na Nichicon da Elna, suna cewa wannan ta fi zaƙin murya, waccan ta fi laushi. Ban raina kunnen kowa ba. Amma abin da na ji da kunnena shi ne bambancin matacciya da mai rai, da na ƙarama da wadda ta dace da iyafis. Waɗannan biyun mita tana nuna su. Abin da ya fi damuna a kasuwarmu jabu ne: an taɓa sayar mini da guda biyu masu ɗauke da babban suna, awo ya nuna rabin lambar da ke jikinsu.

Wanda zai gwada, kada lambar bolt ta sabuwar ta gaza ta tsohuwar. Ya lura da ratsin da ke gefenta, shi ke nuna ƙafar nagatif, idan aka juya ta tana iya fashewa. Babbar kafasita kuma tana riƙe wuta ko bayan an zare soket, don haka wanda bai iya ba ya bar wa masu sana'a. Mai lamba babba takan sa a ji ɗan "fat" lokacin kunnawa, sai a kunna kafin a sa iyafis a kunne.

Ina kira ga mutanen birni masu irin waɗannan rediyoyi a ƙarƙashin gado: kafin ku miƙa wa 'yan jari-bola, ku kai wa mai gyara ya auna kafasitocin. Kuɗin nawa guda uku, har da ladan aiki, bai kai na sabuwar ƙaramar rediyo ba.