Me Ya Sa Gaba Ke Faɗuwa Da Yammacin Lahadi?

Duk ɗalibin da ya yi ko da zango ɗaya a kwalejin fasaha ya san wannan yanayi. Asabar ta wuce lafiya, safiyar Lahadi ma ba laifi, an yi wanki an shanya. Amma da la'asar ta yi sakaliya sai ka ji wani abu ya tokare maka ƙirji. Ba zazzaɓi kake yi ba, ba wanda ya ɓata maka rai, kawai dai gabanka na faɗuwa, abinci ya fita a ranka. In ka yi wa abokin ɗakinka ƙorafi sai ya ce, "Kai dai bari, gobe Litinin." 'Yan uwanmu da ke SIWES, da masu shekarar IT tsakanin ND da HND, sun ma fi kowa saninsa, don tasu Litinin ɗin akwai oga a cikinta, ga littafin rahoton aiki da ke jiran sa hannu.

Wannan ba lalaci ba ne, kuma ba ragwanta ba ce. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da bai fi girman ƙwayar gyaɗa sosai ba, likitoci na kiransa amigdala, aikinsa gadi. Da ya hango haɗari sai ya sa jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotizol. Zuciya ta ƙara gudu, tafin hannu ya yi gumi, ciki ya rage aikin narka abinci, don jiki ya shirya gudu ko kokawa. Inda gizo ke saƙar shi ne, mai gadin nan bai cika bambance karen da ya biyo ka a lungu da tunanin tes ɗin ƙarfe takwas na gobe ba. Duka biyun ƙararrawa ɗaya yake kaɗawa. Na kare, ka yi gudu abin ya wuce. Na tes kuwa, kana kwance a katifa jiki ya ɗau zafi, babu inda za ka ruga.

To me ya sa sai Lahadi? A 1927 wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Bluma Zeigarnik ta wallafa binciken da ta yi a Balin ta ƙasar Jamus. Ta riƙa ba mutane ƙananan ayyuka, wasu ta bari su gama, wasu ta katse su a tsakiya, sai ta ga waɗanda aka katse ɗin sun fi maƙalewa a ransu. Yanzu ka duba abin da muke yi ranar Juma'a. Rahoton furaktikal ba a rubuta ba, zane ya tsaya a rabi, sufabaiza ya ce a gyara babi na biyu na furojet, sai mu tattara su gaba ɗaya mu ce "sai wikend". Asabar ta tafi a biki da kasuwa da kallon ƙwallo. Ranar Lahadi da yamma lokacin ɗagawa ya ƙare, sai su dawo, amma ba sa dawowa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. A dunƙule suke zuwa, kamar buhun da ba ka san abin da ke ciki ba, nauyinsa kawai kake ji. A ganina wannan rashin suna shi ne fiye da rabin fargabar.

Shi ya sa maganin farko biro ne da takarda, duk da na san wani zai ce raini ne. A 2018 masu bincike a Jami'ar Baylor ta Amurka, ƙarƙashin Michael Scullin, sun gwada matasa 57. Kafin kwanciya aka ba kowa minti 5: wasu su rubuta ayyukan da ke gabansu, wasu su rubuta waɗanda suka riga suka gama. Masu rubuta na gaba sun riga sauran yin barci da kusan minti 9, kuma waɗanda suka fi fayyace ayyukan dalla-dalla su suka fi saurin barci. Wannan fayyacewar ce zancen. In ka rubuta "furojet", ba ka yi komai ba, sunan buhun kawai ka rubuta. Amma in ka rubuta "Litinin ƙarfe goma, bayan lakca, in je laburare in gyara shafi uku na farkon babi na biyu", ka ba aikin lokaci da wuri da iyaka, ƙwaƙwalwa kuma ta samu dalilin daina tuna maka shi kowane minti. Ya ma fi kyau a yi rubutun tun ranar Juma'a bayan lakcar ƙarshe, lokacin da komai ke sabo a kai. Kana rubutawa kana ware abin da ba ya hannunka: ko za a kawo wuta, ko ASUP za ta tafi yajin aiki, ko yaushe sakamako zai fito. Waɗannan ko ka kwana kana juyi ba za su motsa ba.

Sai barci, wanda a nan ne yawancinmu muke yi wa kanmu illa ba mu sani ba. Jiki yana da agogonsa. Wanda ke tashi ƙarfe shida daga Litinin zuwa Juma'a, ranar Asabar da Lahadi kuma ya koma ya miƙe har sha ɗaya, ya tura agogon nan baya da awanni. Wani masanin barci a Jami'ar Munik, Till Roenneberg, ya kwatanta wannan da gajiyar wanda ya ketara ƙasashe a jirgin sama, alhali kai ko ƙofar makaranta ba ka fita ba. Daren Lahadi ka kwanta ƙarfe goma, ido ya bushe, don jiki na ganin da sauran lokaci. Kwanciya cikin duhu ba barci kuwa ita ce kasuwar tunani. Ƙara da wasan Laliga da ake fara shi ƙarfe tara na dare a gidan kallo, da Nescafé ɗin mai shayi, ko goro, ko lemon ƙara kuzari. Sinadarin kafin da ke cikinsu yakan ɗauki kamar awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, wato wanda ka sha bayan magariba yana nan daram har tsakar dare. Ba na ce a daina kallon ƙwallo ba, wa zai ji? Amma a bar kofi daga azahar ɗin Lahadi, kuma kada tashin wikend ya zarce na ranakun lakca da fiye da awa ɗaya ko biyu.

Ƙananan shirye-shirye ma suna rage kaya: guga, cajin waya, canjin kuɗin adaidaita. In ƙirji ya matse, ja numfashi ta hanci ka sake shi a hankali, fitar ta fi shigar tsawo, na 'yan mintuna, bugun zuciya zai sauka. Abin da bai kamata ba shi ne ƙin zuwa lakcar safiyar Litinin. Ranar za ka ji sanyi a rai, amma tsoron da aka guje wa ƙaruwa yake yi, ga kuma ƙa'idar halartar kashi 75 cikin ɗari da makarantu da dama ke bi kafin a zauna jarrabawa.

Akwai kuma lokacin da fargabar gaskiya take faɗa. Ɗalibar da wani malami ko ogan wurin IT ke matsa mata da maganar banza, ko ɗalibin da ake tatsarsa kuɗi kafin a duba aikinsa, ba jerin ayyuka ne maganinsu ba. 'Yar'uwa, ki adana saƙonnin, ki rubuta rana da lokaci, ki kai wa jami'in walwala na ƙungiyar ɗalibai, ko ofishin kula da harkokin ɗalibai, ko jami'in SIWES na sashenku. Kada ki je ke kaɗai.

Fargabar Lahadi ta yau da kullum takan lafa kafin azahar ɗin Litinin. In kuwa ta bazu ta cinye sauran ranakun mako, ta shafe watanni tana hana barci da karatu, ko ka yi mako biyu ba abin da ke faranta maka rai, to ta zama maganar likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da irin wannan ciwon damuwa, kuma yana da magani. Tiramadol da kodin da ƙwayoyin barcin da aboki zai miƙo maka ba sa cikin maganin, sai dai su ɗora maka wani ciwon a kan na farko. A fara da asibitin makaranta. In likita ya ga akwai buƙata zai tura ka gaba, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta jihar Kano. Wanda tunanin cutar da kansa ya fara zuwar masa kuwa, kada ya jira gari ya waye: ya tashi abokin ɗaki ko ya kira gida a daren, a raka shi asibiti.