ILMIN ƘARFIN GINI: DIGIRI NA BIYU DA AMFANINSA GA ƘASAR GUMEL

Kowane gini da mutum ya gani a tsaye, ɗauke ya ke da kaya. Rufi yana danna bango, bango yana danna harsashi, harsashi kuma yana danna ƙasa. In wani daga cikinsu ya gaza, sai ginin ya rufta da mutanen da ke ciki. Sanin hanyar da nauyi ke bi tun daga rufi har ƙasa, da auna shi kafin a aza tubali, shi ne aikin injiniyan ƙarfin gini.

Magina na dā sun san wannan ta wajen gwaji. Sun lura azara ba ta haye ɗaki mai faɗi ba tare da ta lanƙwashe ba, saboda haka suka riƙa ɗaura bakan gizo. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, shaida ne. Amma yanzu da siminti da rodi a ke yin benaye da gadoji, nauyinsu kuwa ya fi ƙarfin kintace, sai lissafi.

Yadda karatun ya ke

Yaro ya kan fara da digiri na farko na injiniyan gine-gine, shekara 5. Bayan ya yi shekarar bautar ƙasa, sa'an nan ya nemi digiri na biyu, watau Masta, wanda ya kan ci shekara ɗaya da rabi ko biyu. Ana koyar da shi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, da Jami'ar Bayero ta Kano.

A nan ɗalibi ke zurfafa cikin halin kankare da ƙarfe. Kankare yana jure danni ƙwarai, amma ba ya jure ja. Don haka a ke sa masa rodi daidai inda zai so tsagewa, da yawan da lissafi ya nuna. Ana koya masa auna ƙarfin iska a kan rufi, da gwada ƙasa kafin a haƙa harsashi, da yin lissafin da kwamfuta. Daga ƙarshe ya yi bincike na kansa, ya rubuta, malamai su jarraba shi. Ba zai sa hatiminsa a kan zane ba kuwa sai ya yi rajista da hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970.

Abin da ya shafi ƙasar Gumel

Ƙasar Ɗanzomo da Sule Tankarkar da Gagarawa da Maigatari yawancinta rairayi ce, ruwa ya kan zaizaye ta daga ƙarƙashin kwalbati. Guguwar farkon damina ta kan yaye kwanon makaranta in ba a ɗaure shi da bango sosai ba. Zafin bazara kuma yana busar da kankare tun bai nuna ba, alhali kwana 28 a ke ba shi kafin a auna cikakken ƙarfinsa, kuma lalle a riƙa ba shi ruwa a kwanakin farko. Manyan motocin da ke ɗauko dabbobi daga kasuwar Maigatari su ma a kan gadoji su ke bi. Ɗan ƙasa da ya tashi cikin wannan rairayi da wannan iska, in ya sami ilmin, ya fi kowa sanin inda gini zai ji jiki.

Sakaci kuwa rai ya ke ci. Ran 1 ga Nuwamba 1921 ba a san irin wannan bene a Nijeriya ba, amma ran 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da a ke ginawa a Ikoyi, Legas, ya rushe, mutum fiye da 40 suka rasu.

Gargaɗi

Iyaye su ƙarfafa wa 'ya'yansu, maza da mata, lissafi da kimiyya tun daga sakandare, domin su ne ƙofar wannan karatu. Wanda zai gina bene ko masallaci ko rumfunan kasuwa kuma ya nemi injiniya mai rajista, kada ya rage rodi ko siminti don sauƙin kuɗi. Rigakafi ya fi magani.